Inshorar Biyan Bashin Gida a Birtaniya: Me Ke Faruwa Idan Rage Ma'aikata Ya Rutsa da Kai?

Duk lokacin da wani kamfani a Birtaniya ya sanar da rage ma'aikata, sai saƙonni su fara yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Landan da Manchester da Birmingham, wai inshorar biyan bashin gida ta mutu tun 2019, ko kuma wai wanda ya karɓi kuɗin sallama ba shi da sauran haƙƙi a wajen kamfanin inshora. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma illarsu ita ce mutumin da ya shekara da shekaru ana cirar kuɗinsa kowane wata zai naɗe hannu a daidai lokacin da inshorar za ta yi masa rana. Hukuncin inshora da na bashi mai ruwa a addini fagen malamai ne. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ya riga ya shiga, aiki kuma ya kuɓuce masa.

Inshorar nan alkawari ce cewa idan hatsari ko ciwo ko rashin aiki ya hana ka samun albashi, kamfanin inshora zai riƙa biyan kason wata-wata na bashin gidanka, galibi har tsawon wata 12, wasu kuma har 24. Ba ta shafe bashin gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka sayi ta ciwo da hatsari kaɗai ba tare da sun lura ba, don haka abin fara dubawa shi ne ko rashin aiki yana cikin takardar.

Maganar 2019 tana da asali. Bankuna sun daɗe suna cusa wa jama'a inshorar kariyar bashi, wadda ta bashin gida wani nau'inta ce, ba bisa ƙa'ida ba, har sai da suka mayar da fiye da fam biliyan 38, hukumar FCA mai kula da harkar kuɗi kuma ta sa ranar 29 ga Agusta 2019 a matsayin ƙarshen karɓar koke kan yadda aka sayar da ita. Wa'adin ya shafi koken sayarwa ne kawai. Wanda inshorarsa ke da rai, yana biya har yau, yana da cikakken ikon neman a biya shi, yana kuma da ikon kai ƙara idan an hana shi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kuɗin da ake bayarwa ranar rabuwa, domin iri biyu ne da ake haɗawa a takarda ɗaya. Na farko shi ne kuɗin sallama da dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta tanada wa wanda ya cika shekara 2 a wurin aiki: albashin rabin mako ga kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da shekara 22 da haihuwa, na mako guda daga 22 zuwa 40, na mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, ba a kuma lissafa fiye da shekara 20. Wannan kuɗi a al'ada ba ya hana inshora biya. Na biyu shi ne kuɗin madadin notis, wato a ce maka ka tafi yau amma a ba ka albashin makonnin da ya kamata ka zauna. Mafi yawan kamfanonin inshora ba sa ɗaukar ka marar aiki sai waɗannan makonni sun ƙare, sannan a fara ƙirga kwanakin jira da ke cikin yarjejeniyarka, waɗanda kan kama daga kwana 30 zuwa 180. A ɗauka mutum ya yi shekara 8 a wurin aiki. Notis ɗinsa a doka mako 8 ne, wato kwana 56, kuma idan jiransa kwana 60 ne, sai bayan kwana 116 haƙƙinsa zai fara, kusan wata huɗu ke nan yana biyan banki daga aljihunsa. Da yawa daga masu cewa an hana su, jinkirin nan ne suka ɗauka hani.

Sharaɗin da ya fi cin mutane kuwa shi ne na sallamar son rai. Kamfani kan nemi waɗanda za su miƙa kansu a rage su, ya ɗan ƙara musu kuɗi a kai, inshora kuma kusan duka ta ware wanda ya bar aiki da zaɓinsa, kamar yadda ta ware wanda ya ajiye aiki da wanda aka kora saboda laifi. A takarda wannan yana da ma'ana, domin ba a yi inshora don abin da mutum ya jawo da hannunsa ba. Sai dai a ganina akwai rashin adalci a yadda ake aiki da shi, saboda ma'aikacin da aka ce masa za a rufe sashensu nan da wata biyu, ya karɓi tayin yanzu ko ya tafi da ƙasa da haka daga baya, ba zaɓi aka ba shi ba. Shi ya sa kalmomin da ke cikin wasiƙar sallama suke da nauyi ƙwarai. Kafin ka sa hannu a kan tayi ko yarjejeniyar sulhu, ka karanta takardar inshorarka, ka kuma nemi wurin aikin su rubuta ƙarara cewa gurbin aikin ne aka soke, da za a soke shi ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Irin wannan shaida ce ake dubawa idan magana ta kai gaban hukumar da ke sasanta masu inshora da kamfanoninsu.

Haka nan ba a biyan wanda ya sayi inshorar bayan ya san ana shirin rage ma'aikata, kuma sabuwar yarjejeniya tana da watannin farko da ba ta karɓar buƙatar biya saboda rashin aiki sam. Amma dokar inshorar masu saye ta 2012, wadda ta fara aiki a Afrilun 2013, ta ɗora wa mai saye nauyin amsa tambayar da aka yi masa da gaskiya da kulawa ne, ta kuma bambanta ƙaryar ganganci, wadda ke rushe yarjejeniya, da kuskuren sakaci, wanda ake auna shi gwargwadon tasirinsa. Masu kwantiragi mai wa'adi da masu sana'ar kansu suna da nasu sharuɗɗa masu tsauri.

Kamfanin inshora zai nemi wasiƙar sallama, takardun albashi, bayanin bashin gida, da shaidar rajista a Jobcentre Plus, ofishin gwamnati na masu neman aiki, tare da hujjar neman aiki kowane wata. A nan wasu masu biza mai sharaɗin haramcin karɓar kuɗin jama'a, wato tallafin gwamnati, suke ja da baya don tsoro. Alawus ɗin masu neman aiki na sabon tsari, wanda ya dogara da gudummawar inshorar ƙasa da aka cira daga albashinka kuma ake biya har kwana 182, ba ya cikin jerin kuɗin jama'a, saɓanin Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, da ke ciki. Kuɗin kamfanin inshora kuwa na yarjejeniya ne tsakaninka da su.

Idan an ƙi biya, ka rubuta koke ga kamfanin, wanda ke da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe. Daga ranar wannan amsa kana da wata 6 ka kai maganar ga hukumar sasanci ta Financial Ombudsman Service, kyauta, ba sai da lauya ba. Kafin nan ka sanar da bankinka tun ba ka tsallake biya ba, domin manyan masu ba da bashin gida da suka sa hannu a yarjejeniyar Yunin 2023 sun amince da barin mutum ya koma biyan ruwa kaɗai na wata 6, da kuma cewa ba za a ƙwace gida ba da yardarsa ba cikin wata 12 daga biyan farko da ya tsallake.