Ilimi Mai Zurfi da Karatun Waje a Zariya

Karatun waje, a bakin mutanen Zariya, shi ne fita wata ƙasa neman digiri ko wata ƙwarewa, ko da kuɗin gwamnati ko da na gida. Zariya tana cikin garuruwan da suka fi tara manyan makarantu a Arewacin Nijeriya, amma hakan bai hana 'ya'yanta da malaman jami'arta neman fita ba. Tun daga shekarun 1970, yawan masu fita da kuma irin mutanen da ke samun damar suna tafiya ne da farashin ɗanyen mai, domin man ne ke kawo wa ƙasar mafi yawan kuɗin ƙetare, sama da kashi 80 cikin 100 a yawancin shekaru.

Asali

Tafiya neman ilimi ta girmi boko a Zazzau. Birnin ya daɗe da suna a nahawu da lugga, ɗalibai suna zuwa daga nesa su zauna a zaurukan malaman Unguwar Juma da Kona. Su kuma Zage-zagi sukan nufi gabas domin haddar Alƙur'ani, wasu su bi ayarin alhazai ta ƙasa, su yi shekaru a Sudan ko Makka kafin su dawo.

A ɓangaren boko, wanda aka fi ambata da farko shi ne Dakta Barau Dikko, wanda ya taso a hannun 'yan mishan na Zariya, waɗanda daga baya suka tare a Wusasa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, kuma shi ake ɗauka likitan farko ɗan Arewa. Wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu gwamnatin mulkin mallaka ta fara tura malaman makaranta Landan su yi kwas na shekara ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. A tsakiyar shekarun 1950 aka tura wasu malaman Arabiyya kwalejin horar da malamai ta Bakht er-Ruda a Sudan, cikinsu har da Abubakar Mahmud Gumi. A wancan zamani masu fita 'yan ƙalilan ne, hukuma ce ke zaɓensu, kuma aiki yana jiran kowa kafin ya dawo.

Taruwar makarantu

Tun farkon shekarun 1920 akwai tashar binciken aikin gona a Samaru. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949, ita ce aka sa wa suna Barewa a 1971. Makarantar horar da akawu da aka buɗe a Kongo wajen 1947 ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki a 1954. A farkon shekarun 1950 kuma aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Samaru.

Bayan rahoton 1960 na kwamitin Ashby kan ilimi mai zurfi a Nijeriya, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa waɗannan cibiyoyi, ban da Barewa, ta ƙara da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka sami Jami'ar Ahmadu Bello. An buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai ɗari huɗu da 'yan kai, a ƙarƙashin Norman Alexander, mutumin New Zealand. Dakta Ishaya Audu ya gaje shi a 1966, ya riƙe jami'ar har 1975. Abin lura a nan shi ne, da kuɗin gyaɗa da auduga da harajin talakawa aka aza harsashin jami'ar, tun man fetur bai zama komai ba a baitulmali. Burin Sardauna shi ne Arewa ta horar da ma'aikatanta a gida. Sai dai jami'a sabuwa tana buƙatar malamai, saboda haka ta riƙa ɗaukar ɗalibanta masu hazaƙa a matsayin ƙananan malamai, tana tura su Ingila da Amurka su yi digiri na biyu da na uku, su dawo su karɓi aiki daga hannun Turawa.

Zamanin kuɗin mai

Nijeriya ta fara fitar da ɗanyen mai a 1958, ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Da farashi ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, kuɗi ya kwararo wa gwamnatin tarayya. A shekarar ne aka kafa asusun PTDF domin horar da 'yan ƙasa a fannin mai. A 1975 tarayya ta karɓe Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma ƙirƙiro sababbin manyan makarantu bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano.

Waɗanda suka yi karatu a Samaru a lokacin suna tuna tikitin abinci mai araha, da alawus daga jihohinsu, da kamfanoni da ke zuwa neman ma'aikata tun ɗalibi bai gama ba. Naira ta fi dala daraja a lokacin, don haka tura ɗalibi waje bai yi wa gwamnati nauyi ba. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wani shirin gaggawa na tura matasa masu yawa Amurka da Kanada da Turai koyon aikin fasaha. Mafi yawan 'yan wannan zamani sun dawo gida, domin albashin malamin jami'a yana riƙe iyali, har ya sayi mota. Wannan shi ne lokacin da ɗan talaka daga ƙauye ya fi samun damar ganin jami'ar waje, kuma da irinsu aka gina sassan aikin gona da likitan dabbobi da injiniya da tarihi waɗanda suka ɗaukaka sunan Zariya.

Alamar tsukewa ta bayyana tun 1978, sa'ad da ƙarin kuɗin abinci da ɗaki ya jawo zanga-zangar ɗalibai a zamanin kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya.

Faɗuwar mai

Daga 1980 Birtaniya ta ɗora wa ɗaliban ƙetare cikakken kuɗin makaranta. Farashin mai ya fara sauka jim kaɗan bayan haka, ya rushe a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ta karya darajar naira. Ɗalibai da dama suka maƙale a waje ba alawus. Malamai baƙi suka tattara suka tafi, 'yan gida ma, musamman likitoci, suka nufi Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. A watan Mayun 1986 jami'an tsaro suka harbi ɗalibai a Samaru; an yi saɓani kan adadin waɗanda suka rasu.

Yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da gwamnati ta 1992 ta haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011. Da mai ya sake tsada a shekarun 2000, wannan asusu da PTDF suka tura malaman jami'a da na kwalejoji da yawa Birtaniya da Malesiya.

Halin yanzu

Abubuwa biyu ne aka fi kawowa a matsayin dalilin fita: ƙarancin gurbi a kwasa-kwasan da ake rububi, musamman likitanci, da yajin aiki, wanda ya ɗauki wajen wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Iyalai masu hali sukan zaɓi Masar da Indiya da Malesiya da Saipurus, da Sudan kafin yaƙinta, saboda sauƙin kuɗi, masu karatun addini kuma Azhar da Madina. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibai da yawa gida ba su kammala ba.

Naira ta faɗi bayan rushewar mai ta 2014, ta sake faɗuwa da aka bar kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023. Dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin nan ta haura 1,500 a farkon 2024. TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, abin da ya bar fitar galibi a hannun waɗanda iyayensu ke iya sayen dala.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo bisa zargin sayar da takardu.

Kwatanci da ƙananan ƙasashen mai

Kuwait ta buɗe jami'arta a 1966, Brunei a 1985, kuma dukansu sun ci gaba da tura 'ya'yansu waje da kuɗin gwamnati. Bambancinsu da Nijeriya shi ne yawan jama'a: mutanen Brunei ba su kai rabin miliyan ba, yayin da masu zana jarrabawar JAMB a Nijeriya kaɗai sun haura miliyan ɗaya da rabi a shekara.