Stepney (kan jirgin ƙasa)

Stepney ƙaramin kan jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, wanda aka ƙera a masana'antar jirage ta Brighton da ke kudancin Ingila a 1875, zamanin Sarauniya Biktoriya. Lambarsa 55, sunan kuwa na wata unguwa ce a Landan. Yana cikin guda 50 da injiniya William Stroudley ya tsara, aka ƙera su daga 1872 zuwa 1880 don jigilar fasinja a kewayen Landan.

Ƙafafunsa shida ne, kuma ba ya jan taragon ruwa da kwal a bayansa. Ruwan na cikin tankuna biyu da ke manne a gefen tukunyar tururi, kwal kuma a wani ɗan akwati bayan direba. Ana yi wa ire-irensa laƙabi da Terrier, sunan wani ƙaramin kare, saboda ƙarar da tururi ke yi in yana fita ta bututun hayaƙi, kamar haushi. Fentinsu na asali ruwan ɗorawa ne, ko da yake kamfanin jiragen da ya mallake su yana kiran wannan launi kore.

Da fasinja suka yi yawa, taragu suka ƙara nauyi, sai aka mayar da su ƙananan layukan karkara. A nan ƙanƙantar da ta sa aka kore su daga birni ta zama abin da ya tsawaita musu kwana. Gadar katako ta Langstone, a layin tsibirin Hayling, ba ta ɗaukar manyan kawuna, don haka su suka riƙe layin har aka rufe shi a 1963. Stepney ma ya yi aiki a can, bayan an sake masa tukunya a 1912.

A watan Mayun 1960 ƙungiyar 'yan sa-kai ta Bluebell Railway ta saye shi daga hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya. Shi ne kan jirgi na farko da suka mallaka, kuma a watan Agusta na shekarar suka fara ɗaukar fasinja daga tashar Sheffield Park. Ba ƙaramin abin yabo ba ne, ganin cewa a lokacin yankawa ake yi ana sayar da ƙarfen irinsa.

Adana shi na da wuya. Tukunyar tururi sai an kwance ta an duba sosai kusan duk shekara 10, ƙarfen da ya tsufa kuma sai an ƙera madadinsa. Guda 10 ne suka rage cikin 50 ɗin.