Ambaliya da Inshorar Gidaje a Gundumar Harris ta Jihar Texas

Gundumar Harris, wadda birnin Houston yake cikinta, tana kudu maso gabashin jihar Texas ta Amurka, kusa da Tekun Mekziko. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 4 da dubu 700, wato ita ce ta uku a yawan jama'a cikin gundumomin ƙasar. Tana kuma cikin wuraren da ambaliya ta fi addaba a Amurka, shi ya sa ake yawan kafa misali da ita idan ana maganar inshorar ambaliya.

Yanayin ƙasar

Ƙasar gundumar a shimfiɗe take kamar faifai, tsakiyar Houston bai wuce mita 15 a kan doron teku ba. Yawancinta laka ce mai danƙo wadda ba ta shan ruwa da wuri. Ruwan sama sai ya bi rafuka masu jan jiki da mutanen wurin ke kira bayou, irin su Buffalo da Brays da White Oak da Greens, kafin ya isa gaɓar Galveston. Da birni ya faɗaɗa, kwalta da siminti suka cinye filayen ciyawa na Katy da ke yamma, waɗanda a da suke riƙe ruwa. Ga kuma nutsewar ƙasa saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashinta. Unguwar Brownwood da ke Baytown ta yi ta nutsewa har mazauna suka bar ta bayan guguwar Alicia ta 1983.

Ambaliyar 1929 da ta 1935 su suka sa aka kafa hukumar shawo kan ambaliya ta gundumar a 1937. A shekarun 1940 injiniyoyin sojan Amurka suka gina madatsu biyu a yammacin birni, Barker da Addicks, domin su tare ruwa kada ya auka wa tsakiyar Houston.

Manyan ambaliyoyi

A watan Yunin 2001 guguwar Allison ta shigar da ruwa gidaje kimanin dubu 73, ta kashe mutum 22 a gundumar. An sake yin ambaliya a Mayun 2015 da Afrilun 2016. Sai guguwar Harvey a ƙarshen Agustan 2017, wadda ta tsaya a kan yankin tana zuba ruwa kwana huɗu. Hukumar gundumar ta ƙiyasta gidajen da ruwa ya shiga sun haura dubu 154, mutum 36 kuma suka rasu. Akwai gidaje a unguwar Meyerland, a gefen rafin Brays, da ruwa ya shiga sau uku cikin waɗannan shekaru uku.

A lokacin Harvey, madatsun nan biyu sun cika har ruwansu ya koma baya ya malale unguwannin da aka gina a cikin kwarinsu, da yawa daga masu gidajen ba su ma san a nan suke zaune ba. Da aka buɗe ƙofofi ranar 28 ga Agusta, gidajen da ke ƙasa da madatsun su ma suka sha ruwa. A Disamban 2019 wata kotun tarayya ta yanke cewa alhakin ɓarnar gidajen da ke bayan madatsun yana wuyan gwamnati.

Yadda inshorar take

Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka tana biyan gobara da sata da ɓarnar iska, amma ba ta biyan ruwan da ya taso daga ƙasa ya shiga ɗaki. Wannan sai an saya masa inshora ta daban, yawanci daga shirin gwamnatin tarayya mai suna NFIP, wanda aka kafa a 1968, hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanar da shi. Iyakar abin da yake biya dala dubu 250 ne a kan gini, dala dubu 100 a kan kayan ɗaki. Ba ya biyan mota, ba ya biyan kuɗin otal ko haya yayin da ake gyara, kayan ɗaki kuma da darajarsu ta ranar ake lissafawa, ba da kuɗin sabo ba. A ƙa'ida inshorar ba ta fara aiki sai bayan kwana 30 da saye. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo ya makara.

Tun 1973 doka ta wajabta wannan inshora a kan wanda ya ci bashin sayen gida daga bankin da gwamnatin tarayya ke sa wa ido ko take tsaya wa, muddin gidan yana cikin yankin da taswirar FEMA ta kira na ambaliyar shekara 100. Sunan nan ya ruɗi mutane da yawa. Ba ana nufin sau ɗaya ake yin ta a ƙarni ba. Ana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Idan aka tara wannan cikin shekara 30 da ake biyan bashin gida, ya kai kashi 26, ya ɗara ɗaya bisa huɗu.

A nan ne tsarin yake da rauni mafi girma. Wanda gidansa yake wajen layin taswirar, banki ba ya tambayarsa inshora, shi kuma sai ya ɗauka ya tsira. Ruwa kuwa bai san layi ba. A lissafin hukumar gundumar, kusan biyu bisa uku na gidajen da Harvey ta shiga suna wajen yankin shekara 100, kuma galibin gidajen da abin ya shafa ba su da inshorar ambaliya. Taswirar tana duba cikar rafi ne, ba ta cika lura da ruwan da ya fi ƙarfin kwalbati ya taru a titi ya tsallaka dokin ƙofa ba. Alƙaluman ruwan saman da aka zana ta da su ma sun tsufa: a 2018 hukumar yanayi ta NOAA ta ɗaga adadin ruwan yini guda na shekara 100 a Houston daga kimanin inci 13 zuwa wajen inci 17.

Bambancin mai inshora da marar ita yana fitowa ne bayan ruwa ya janye. Kowa zai yanke allon bango har sama da inda ruwa ya bar shaida, ya fitar da kafet da katifu da firji ya jibge a bakin titi, yana rige-rige da fumfuna. Mai inshora zai ɗauki hotuna ya jira mai tantance ɓarna ya zo ya auna. Marar ita sai tallafin FEMA, wanda ba ya isa sake gina gida, ko rancen gwamnati a kan bashin da bai gama biya ba. Wannan nauyi ya fi danne masu ƙaramin ƙarfi, musamman a unguwannin gabas da arewa maso gabas, kuma bai kamata a ɗora musu laifin ganganci ba alhali taswirar hukuma ce ta kwantar musu da hankali.

Abin da ya sauya bayan Harvey

Ranar 25 ga Agustan 2018 masu zaɓe a gundumar suka amince a ciwo bashin dala biliyan 2.5 domin faɗaɗa rafuka da haƙa tafkunan tare ruwa da sayen gidajen da ruwa ya matsa wa a rushe su. A shekarar ne Houston ta wajabta sabon gini a yankunan haɗari ya ɗaga ƙafa biyu sama da matakin ambaliyar shekara 500. Dokar Texas ta 2019 ta tilasta wa mai sayar da gida ya bayyana ko ruwa ya taɓa shiga, ko gidan yana cikin kwarin madatsa.

Shirin NFIP kansa yana cikin bashi. Majalisar Amurka ta yafe masa dala biliyan 16 a 2017, amma baitulmali ya ci gaba da binsa sama da biliyan 20. Daga Oktoban 2021 FEMA ta koma yanke kuɗin inshora bisa haɗarin kowane gida, ana duba nisansa da ruwa da tsayin daɓensa da kuɗin sake gina shi. Wasu sun sami sauƙi, da yawa kuma kuɗinsu yana hawa, ko da yake doka ta hana ƙarin ya wuce kashi 18 a shekara ga gidan da mutum yake zaune a ciki.