Sheƙin kayan takarda na Kashmir

Kayan takarda na Kashmir kayan ado ne da ake yi da jiƙaƙƙiyar takarda da aka daka, a ƙera, a zana, sannan a shafe da man sheƙi har su riƙa ƙyalli kamar tangaran. Cibiyar sana'ar ita ce birnin Srinagar, a ɓangaren Kashmir da ke ƙarƙashin ikon Indiya. Daga Farisa, wato Iran ta yau, ta zo. Wasu na danganta zuwanta da wani malamin Sufaye na Farisa, Mir Sayyid Ali Hamadani, a ƙarni na 14, wasu kuma da Sarkin Kashmir Zainul Abidin na ƙarni na 15. Tsohon sunanta kar-i-ƙalamdan, domin gidan alƙalami shi ne abin da aka fi yi da farko.

Aikin na mutum biyu ne. Mai ƙira, wanda ake kira sakhtsaz, shi ke jiƙa takarda kwanaki, ya kirɓa ta da ƙullun shinkafa, ya liƙa a jikin wani abu mai siffar da ake so har ta bushe. Mai zane, naƙƙash, shi ke karɓa daga nan.

Sheƙin ba daga shafar ƙarshe yake farawa ba. Busasshiyar takarda tana da kaushi, kuma tana shan mai. In aka shafa mata man sheƙi kai tsaye, sai ta shanye shi, ta bar dabbare-dabbare marasa haske. Saboda haka ake fara rufe ta da haɗin alli da gam, a goge da gutsuren jan bulo, a manna siririyar takarda don hana tsagewa, sannan a murza da dutse mai santsi irin aƙiƙ. Ana ta murzawa har yatsa ya zame a kai ba tare da jin ko ƙwarzane ɗaya ba. A nan ne ake gane gwani, ko da yake mai saye ba ya ganin wannan wahalar.

Bayan an zana furanni, tsuntsaye ko ganyen bishiyar chinar, wani lokaci da ruwan zinariya, sai a zo kan man sheƙi. Na gargajiya ƙaro ne da ake narkarwa cikin man linsid, wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan tsiro. Shafa kaɗan-kaɗan ake yi, sau da yawa, kowace sai ta bushe sarai kafin a ƙara wata, a wurin da ƙura ba ta kai. Shafa mai kauri takan zubo ko ta yamutse, danshin da aka rufe a ciki kuma yakan dusashe hasken.

Man ƙaro yakan koma ruwan zuma da tsufa, shi ya sa tsofaffin akwatuna suke da wani ɗumin launi. Yau masu sana'a da yawa sun koma man sheƙin kanti mai saurin bushewa. Kowanne dai yana kare zane daga laima da dattin hannu, amma ba ya sa kayan su jure jiƙa a ruwa. Da busasshen ƙyalle mai laushi ake goge su.