Tupperware ya durƙushe, burodi da ƙosai na nan daram: tambayoyi da amsoshi

A watan Satumban 2024, kamfanin Tupperware na Amurka, wanda ya shekara 78 yana ƙera robobin ajiye abinci, ya garzaya kotu yana neman a kare shi daga masu binsa bashi. A daidai wannan zamanin kuwa, abincin da bai damu da roba ko kwano ba, wato soyayyen abu da aka cusa cikin burodi, sai ƙara kasuwa yake yi daga Mumbai ta Indiya har New Orleans ta Amurka. Akwai alaƙa tsakanin biyun, sai dai a auna ta da kyau.

Wane ne Tupperware, kuma me ya bambanta robarsa da sauran?

Wani mutumi ne mai suna Earl Tupper, wanda ya taɓa ɗan yin aiki a kamfanin sinadarai na DuPont, ya fito da robobin a jihar Massachusetts a 1946. A lokacin roba abar rainawa ce, ga wari ga saurin tsagewa. Tupper ya samo hanyar tace ta har ta yi laushi, ba ta wari, ba ta fashewa in ta faɗi.

Amma sirrin yana ga murfi, wanda ya kwaikwayo daga murfin gwangwanin fenti. Za ki ɗora shi, ki danna tsakiyarsa da babban yatsa, ki ɗan ɗaga gefe guda, iska ta fita da 'yar ƙara kamar gyatsa, sai murfin ya kame gam. Miya ba ta zubewa, abinci ba ya bushewa. Kuma an yi dace, lokacin ne firiji ke shiga gidajen Amurkawa, kowace uwargida na neman abin da za ta zuba ragowar abinci.

Duk da haka da aka jera su a kantuna, sai suka yi kwantai. Babu wanda ya san yadda ake rufe su.

To ta yaya suka shiga gidaje?

Ta hannun wata mata, Brownie Wise, wadda ke tallan kayan gida a birnin Detroit. Ita ce ta gane cewa wannan kaya sai an nuna. Takan sa wata uwargida ta gayyato maƙwabta da ƙawaye falonta, a kawo abin taɓawa, a yi hira da wasanni, sannan ta cika roba da ruwa, ta rufe, ta wurga ta tsallaken ɗaki. Ko ɗigo ba ya zuba. Nan take mata su fara rubuta abin da suke so, mai masaukin kuma a ba ta tukuici.

A 1951 Tupper ya ɗauke ta aiki, ya kwashe kayansa daga kantuna gaba ɗaya, ciniki ya koma falon mata. Duk wanda ya san dillaliya ya san wannan tsari: mace ce ke shiga har ɗaka da kaya, an santa, an san gidansu, ana jin nauyin a ce mata ba a so. Ga matan Amurka na wancan zamani, waɗanda akasarinsu ke zaune a gida, wannan hanya ce ta samun na kansu ba tare da sun nemi aikin ofis ba. A 1954 Wise ta zama mace ta farko da aka buga hotonta a bangon mujallar Business Week.

Ƙarshenta da kamfanin bai yi daɗi ba. Sunanta ya fara danne na maigidan, suka saɓa, ya sallame ta a 1958. A shekarar kuma ya sayar wa Rexall, wani kamfanin magunguna, kamfanin nasa a kan dala miliyan 16.

Me ya kayar da shi?

Ba a rana ɗaya ya faɗi ba. Haƙƙin mallakar fasahar murfin ya ƙare a shekarun 1980, kowa ya samu damar yin irinsa. Rubbermaid, Ziploc, GladWare, sai Lock & Lock daga Koriya ta Kudu, duk suka cika kantuna da robobi masu rufuwa a farashi mai sauƙi. Wasu ma arharsu ta kai in an ba maƙwabciya abinci a ciki ba a sa ran ta dawo da su.

Sannan falon da ake taruwa ya watse. Mata sun fita aiki, babu mai lokacin zaman kallon roba da yamma. A Birtaniya kamfanin ya daina irin wannan taro tun 2003. Na ɗan wani lokaci ƙasashe masu tasowa suka rufa masa asiri, har Indunusiya ta zama babbar kasuwarsa, cinikinsa ya haura dala biliyan 2.6 a 2013. Zuwa 2022 ya sauko kusan dala biliyan 1.3, wato rabi.

A ganina babban laifin na shugabannin kamfanin ne. Duniya ta koma sayayya ta intanet da manyan kantuna, su kuwa suna tsoron ɓata wa 'yan tallarsu rai. Sai a 2022 aka sake ganin kayan a manyan kantunan Target na Amurka, bayan wani ɗan gwaji da aka watsar a 2003. Matashiyar da ta kama gidan haya tana neman robar abinci ta daɗe da sayen wata, ba ta ma san wata mai tallan Tupperware ba. Ƙari a kan haka, masu saye da yawa sun fara ƙyamar ɗumama abinci a roba, sun koma gilashi da ƙarfe. Annobar korona ta ɗan farfaɗo da ciniki a 2020 saboda kowa na girki a gida, amma da aka buɗe gari sai abin ya koma, ga tsadar kayan aiki da kuɗin ruwa. Lokacin da aka je kotu, bashin da masu ba da rance ke binsa ya kai kimanin dala miliyan 800.

Wani abin dariya kuma: robar ba ta lalacewa. Wadda kaka ta saya tana nan jika na amfani da ita, to wa zai sayi sabuwa?

Ina burodi da soyayyen abu ya shigo cikin wannan zance?

Robar ajiye abinci tana da amfani ne a gidan da ake ɗora tukunya a ci a rage. Shi kuwa wannan abinci na wanda ke kan hanya ne, an soya yanzu, an ci yanzu, burodin ne kwanon.

Kusan kowane babban gari na da nasa, kuma akasari daga wajen 'yan ƙwadago ya fito. A New Orleans akwai po' boy, dogon burodi da ake cika shi da soyayyen jatan lande ko nama, wanda ake danganta shi da yajin aikin ma'aikatan taragon cikin gari na 1929, lokacin da 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. A Mumbai akwai vada pav, curin dankalin turawa da aka tsoma a ƙullin wake aka soya, wanda ake cewa Ashok Vaidya ne ya fara sayar da shi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar a shekarun 1960, ga ma'aikatan masaƙu. A arewacin Ingila soyayyen dankali kawai ake zubawa tsakanin burodi mai bota. A Masar da Sudan ɗa'amiyya ce, wato irin ƙosansu, a cikin gurasa. Manyan kamfanoni ma sun shigo: a watan Agustan 2019 Popeyes ya fito da soyayyar kaza cikin burodi, aka yi ta layi har ta ƙare cikin kusan mako biyu.

Namu kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Ka sayi burodi wajen mai shayi, ka tsaga shi da yatsa, ka miƙa wa mai ƙosai ta tsamo huɗu ko biyar daga kasko, ta barbaɗa yaji, ka matse shi da tafin hannu har mai ya ratsa. Kafin ka isa bakin titi ka gama karin kumallo, babu abin wankewa.

Me ya sa soyayyen abu ba ya jituwa da roba mai murfi?

Tururi. Abin da aka tsamo daga mai, bayansa a bushe yake yana ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma da sauran ruwa da ke fita a hankali. In ka rufe shi ruf, tururin ba shi da wajen zuwa, sai ya yi gumi a jikin murfi ya koma kan abincin. Cikin mintuna kaɗan ƙosai ya yi lagwas, dankali ya saki jiki. Wato abin da Tupper ya yi suna a kansa, hana iska fita, shi ne ke lalata soyayyen abu. Shi ya sa masu suya ke naɗewa a takarda, ko su zuba a kwali mai huji. In dole sai an sa a roba, a bari ya sha iska tukuna, a shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasa, kada a danne murfin.

Ke nan cin abincin waje ne ya kashe kamfanin?

Wanda ya ce haka ya yi ƙari. Gaskiya ne yanzu fiye da rabin kuɗin da Amurkawa ke kashewa a kan abinci yana tafiya ne ga wanda aka dafa a waje, kuma shi ma yakan zo da robarsa kyauta, a wanke a ajiye. Wannan ya rage buƙata. Amma har gobe ana sayen robobin abinci, sauran kamfanonin ba su rufe ba. Bashi da jinkirin sauya salon ciniki su ne suka kai Tupperware ƙasa.

Yanzu ya mutu ke nan?

Sunan na nan. A ƙarshen Oktoban 2024 kotu a jihar Delaware ta amince masu binsa bashi su karɓe shi, a kan dala miliyan 23.5 a hannu da yafe bashin sama da dala miliyan 63. Sababbin masu shi sun zaɓi ƙasashe kaɗan da za su ci gaba da ciniki, irin su Amurka, Kanada, Meziko, Barazil, Sin da Indiya. Masana'antarsa ta ƙarshe a Amurka, wadda ke Hemingway a jihar South Carolina, tun a watan Yunin 2024 aka sanar da rufe ta, ma'aikata 148 suka rasa aiki, aka mayar da aikin Meziko. A Afirka ta Kudu an rufe a ƙarshen 2024, a Indunusiya kuma a watan Janairun 2025, matan da ke tallan kayan can suka koma neman wata sana'ar.