Ragar jijiyoyi ta kwamfuta da koyo mai zurfi

Ragar jijiyoyi wata dabara ce ta sa kwamfuta ta koyi abu da kanta daga misalai, maimakon a rubuta mata doka ɗaya bayan ɗaya. Kamar yaron makiyayi ne a bayan Ngaoundéré, ba wanda ya zauna ya karanta masa siffar kowace saniya, kallo ne yau da gobe da gyaran baba har ya san tasa cikin garke. An ɗauko sunan daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa, amma dai gaskiya kamar da nisa, lissafi ne zalla.

Abin ya tsufa fiye da yadda mutane ke zato. Tun 1943 Warren McCulloch da Walter Pitts a Amurka suka zana jijiya a matsayin lissafi, sai 1958 Frank Rosenblatt ya fito da abin da ya kira fasaftaron, injin da aka yi masa ido mai ƙwayoyi 400 yana koyon bambanta siffofi. Aka yi ta zuzuta shi. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna raga mai hawa ɗaya, wato mai jeri ɗaya kawai na jijiyoyin, akwai lissafi mai sauƙi da ba za ta taɓa iyawa ba, daga nan kasuwar ta mutu, masu ba da kuɗin bincike suka juya baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, in raga tana da hawa da yawa kuma ta ba da amsa ba daidai ba, laifin wa? A 1986 David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka yayata hanyar mayar da kuskure baya, wato a bi daga amsa a koma ciki ana raba wa kowane haɗi da ke tsakanin jijiyoyin nasa kason laifi, a ɗan sassauta nan a ɗan ɗaure can, a sake, sau dubbai. Wasu sun riga su gano lissafin, irin su Seppo Linnainmaa a 1970, sai dai a hannun su Rumelhart ne ya yi suna. Da wannan hanya Yann LeCun ɗan Faransa ya koya wa raga karanta lambobin rubutun hannu a 1989, daga baya har bankuna suka riƙa karanta cek da ita, duk da haka aka sake yin watsi da ragar jijiyoyi shekaru, kuma ni abin da ya fi burge ni ke nan, mutanen nan ba su saki ba.

A 2012 ne komai ya juya. Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Hinton suka shiga gasar ImageNet ta koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, hotuna kusan miliyan 1.2, da katin hoto biyu na Nvidia irin na masu wasan gem, kuskurensu kashi 15.3 cikin ɗari, na biyu kuwa 26.2. Zurfin da ake faɗa in an ce koyo mai zurfi yawan hawa ne kawai. Manhajar AlphaGo ta doke Lee Sedol, gwanin wasan Go mai kama da dara, 4 da 1 a 2016, a 2017 masu bincike a Google suka fito da tiransifoma, wani sabon tsarin raga, wadda ChatGPT ke tsaye a kanta, a 2024 Hinton da John Hopfield suka karɓi kyautar Nobel ta fiziks.

Raga dai abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. Shi ya sa ɗalibi a Marwa ko Garwa in ya yi wa waya magana da Faransanci sai ta ji tsaf, in ya juya Hausa ko Fulatanci ta fara in-ina, don rubutunmu da muryoyinmu da ke intanet ba su kai cikin cokali ba in aka auna da na masu jin Faransanci.