Kafin ka danna "tura": tambayoyi kan faɗin ra'ayi a intanet

Laifi ne in sayi kaya, in fito in ce bai yi mini ba?

Ba laifi ba ne. Kuɗinka ka kashe, kuma mai niyyar saye yana amfana da abin da ka gani. Sai dai akwai inda ake zamewa. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods da ta saya ya cika zaƙi. Da wani ya fito yana kare kamfanin, sai ta mayar masa da martani da kalmomin da ke nuna cewa kayan na kashe mutane. 'Yan sanda suka kama ta, aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

A ganina kamun ya wuce gona da iri, kuma jama'a da dama sun faɗi haka a lokacin. Amma a duba maganganun nan biyu. "Ya cika zaƙi" harshenta ne shaida, babu mai ja da ita. "Yana kisa" kuwa sai da gwajin masana da takarda a hannu.

To maganar lafiya fa? Ai taimako ne in tura wa 'yan uwa abin da na ji.

Nan ne ma abin ya fi haɗari. Cutar Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli 2014. A farkon watan Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Iyaye suka riƙa tada yara daga barci, ana dafa ruwa ana zuba gishiri. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, an kuma kwantar da wasu a asibiti, domin gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini. Duk wanda ya tura saƙon nan ƙaunar 'yan uwansa ce ta sa shi.

Abin da ya kashe wutar cutar shi ne bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu ita da killace su. Ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola, bayan mutum 8 sun rasu.

Ta yaya zan gane saƙon bogi?

Galibi ba ya da uba. Za ka ji murya a WhatsApp tana cewa "wani babban likita ya tabbatar", babu sunan likitan, babu asibitinsa, sai roƙon "don Allah a yaɗa". Idan magani ne, duba lambar NAFDAC a jikin kwalin. Idan annoba ce, leƙa shafin NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa. Maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da ciwon suga da basir da sanyi da rashin haihuwa, wannan talla ce kawai.

Labaran kimiyya kuma?

A 2020 an yi ta yaɗa cewa turakun 5G ne ke haddasa korona. Cutar ta ɓulla a Nijeriya a watan Fabrairu na shekarar, alhali MTN bai fara sayar wa jama'a 5G ba sai 2022.

Mota dai ai kowa yana da abin faɗa a kanta.

Haka ne, kuma direban da ya shekara yana jigila tsakanin Kano da Kaduna ya fi mai hoton bidiyo sanin yadda mota ke shan mai. Matsalar ita ce a ɗauki abin da ya sami mota ɗaya a yanke wa dukkansu hukunci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 mutane da dama suka shiga mayar da motocinsu zuwa masu amfani da iskar gas ta CNG. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a wani gidan sayar da gas a birnin Benin, nan take aka cika intanet da cewa CNG bam ce. Bayanin hukumomi ya nuna tukunyar gas ɗin haɗin mai walda ce, ba irin wadda aka amince da ita ba. Mai son ba abokinsa shawara sai ya fara tambayarsa: wa zai haɗa maka tukunyar, kuma yana da izinin yin aikin?